Tarko na Goma Sha Biyar

Ranar 9 ga Maris, 2021, na fara ganin Misfir bin Ayid, a taron da ofishinmu na kula da namun daji ya kira a ƙauyensu cikin tsaunukan Asir kan batun dawo da damisa dajin yankin. Ni ke rubuta bayanan taron. Makiyaya ashirin da uku suka ƙi saboda awakinsu. Misfir kaɗai ya yarda.

"Baffa, ka manta kana da awaki?" in ji maƙwabcinsa Shaddad. "Ko kai za ka zame wa damisar kalaci?"

"Ni ƙashi ne zalla, ba za ta so ba," in ji Misfir. "Tun da ta ɓace babu mai cin birai, su ke girbe mana dawa. Mu noma, su ci."

Daga baya aka aike ni ƙidayar tsofaffin tarkunan dutse na kama damisa, Misfir ke yi mini jagora. Na rubuta goma sha huɗu, na rufe littafi.

"Buɗe, ɗana," ya ce. "Akwai ɗaya bayan gidana. Ni na gina shi, kuma shi ya kama ta ƙarshe a kwarin nan."

Da kansa ya rushe shi. Da duwatsun ya gina wa awakinsa ɗaki mai rufi, don maƙwabta su ga yadda dabbobinsu za su tsira.

Misfir ya rasu a Janairun 2024, kafin a sako damisar. Gidaje tara sun gina irin ɗakinsa, har da na Shaddad.