Maistor Ragib Merdan da Ƙofofin da Bai Kai Gare Su Ba

Ranar Talata, 14 ga Nuwamba, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Allah ya karɓi ran maƙwabcinmu Ragib Merdan, wanda kowa a unguwar Hrasno ke kira Maistor saboda ƙwarewarsa a aikin hannu. Ya rasu yana da shekara saba'in da uku. Daga Allah muka zo, kuma ɗaya bayan ɗaya gare shi muke komawa. Washegari bayan azahar maza suka yi masa salla suka kai shi makwancinsa, cikin sanyi da hayaƙin da ya sauka a kan Sarajevo tun farkon wata ya ƙi tashi. Mu mata muka zauna a gida da matarsa Fikreta muna tasbihi. Ni Munevera, mai gida na ashirin da bakwai a hawa na huɗu, na zauna a cikinsu bakina yana motsi, zuciyata kuwa tana kan wata magana da na daɗe ina riƙe da ita. Ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Maistor, shekara talatin da shida muna hawa matakala ɗaya da kai. Ban san wani gida a benen nan da hannunka bai taɓa wani abu a cikinsa ba. Idan injin wanki ya fara ƙara, sai ka zo ka dafa shi da tafin hannu, ka karkata kai kana saurare, kamar likita a ƙirjin majiyyaci. Ranar da nawa ya ƙi zubar da ruwa, ka durƙusa ka buɗe ƙasansa, ka zaro ƙarfen gashi guda uku da maɓallin riga. Ka jera mini su a kan tebur ka ce, "Maƙwabciya, injin nan wanki aka ce ya yi, ba ajiya ba. Ki riƙa laluben aljihu." Ka hana ni kankare ƙanƙarar firiji da wuƙa. Ka koya mini goge robar bakinsa da ruwan ɗumi, da janye shi daga bango don ya sha iska. Ba ka tafiya sai ka sha kofi, kuma ba ka shan kofi sai mahaifiyata, Nana Zumra, ta zauna kusa da kai ta tsokane ka. Takan ce, "Ragib, kai da kake gyara komai, yaushe za ka gyara gwiwata?" Kai kuma ka ce, "Nana, an daina ƙera kayan irin taki tun zamanin sarakuna."

A shekarun yaƙi, lokacin da babu wuta babu ruwa, kai ne ka haɗa batirin mota da wata tsohuwar keke a ɗakin ƙasa, har muka sami ƙwan fitila ɗaya da rediyo. Waɗanda suka rage a cikinmu ba su manta ba, ko da yake da yawa sun tafi, wasu ƙasar waje, wasu inda ka je yanzu.

Amma abin da ka fi damuwa da shi ba injin wanki ba ne. Hita ce, mai ɗumama ruwa da ɗakuna, wadda ke aiki da gas a kicin ɗin kowannenmu. Duk shekara, kafin sanyi ya shigo, kakan bi benen nan daga ƙasa har sama, gida talatin da shida, ba tare da kowa ya kira ka ba. Ka duba harshen wutar, ka leƙa bututun hayaƙi da madubi, ka sa hannu a ramin iska na jikin bango ka ji ko yana ja. Kakan ce wuta shuɗiya ce lafiyayya. Idan ta koma rawaya, a kashe ta a kira ka, ko kana cin abinci.

Shekara uku da suka wuce aka fasa gidan wata bazawara a hawa na biyu da tsakar rana. Tsoro ya shiga benen. Cikin 'yan watanni kusan kowa ya cire tsohuwar ƙofarsa ta katako ya sa ta ƙarfe. Ni ma na ƙudura haka, domin daga ni sai Nana, kuma ina wuni a wurin aiki. Na roƙe ka ka raka ni in zaɓa, ka sa rigarka ta zuwa masallaci ka biyo ni.

Ina tuna shagon, ƙofofi a jere a tsaye, babu ɗaki a bayan ko ɗaya. Mai sayarwar ya kai mu gaban wata mai launin gyaɗa, mai nauyi, ya murɗa makulli, sakatu goma sha huɗu suka fito ta sama da ƙasa da gefe. Ya ce, "Uwargida, wannan ko sojoji suka zo sai sun gaji. Ga roba zagaye da ita, ko iska ba ta wucewa."

Ka ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ka duba maƙalarta, sannan ka ce masa, "Na ga yadda take hana shiga. Nuna mini yadda take barin fita." Ya yi dariya, yana zaton wasa kake. Ka ja ni gefe ka nuna mini wata mai sauƙin nauyi, wadda daga ciki da hannu ake murɗa ta, ba da makulli ba. Ka ce, "Munevera, ɓarawo sau ɗaya zai zo, in ma ya zo. Ke da Nana kuwa kullum kuna ciki." Na ji ka, amma tsoro ya fi ka ƙarfi a wurina, kuma launin waccan ya shiga raina. Na zaɓi mai nauyin.

Ba ka yi fushi ba. Ranar da aka kafa ta, ka zo ka tsaya a kan masu aikin har suka gama. Bayan sun tafi ka karɓi makulli ɗaya ka ajiye a wurinka, ka gindaya mini sharaɗi biyu. Na farko, kada in bar makulli a jikin ƙofa daga ciki, domin na waje ba zai shiga ba. Na biyu, ka kai ni kicin ka nuna mini ramin iska a saman bango. Ka ce tsohuwar ƙofa tana da tazarar yatsa a ƙasanta, tagogin dā kuma suna yoyon iska, ta nan gidan yake numfashi; yanzu ga tagogin roba, ga wannan ƙofa, ramin nan kaɗai ya rage wa hita. "Ko ƙanƙara ce take shigowa ta nan, ki bar ta ta shigo."

A watan Nuwamba ka zo zagayenka, ka duba komai, ka ce lafiya lau.

A watan Janairu sanyi ya tsananta. Nana tana zama a kicin domin nan ya fi ɗumi, kullum kuma tana kukan iska na dukan wuyanta. Wata safiya na hau kujera, na naɗe tsohon tawul na cusa a ramin. Na ce zan cire idan sanyi ya sassauta. Bayan kwana biyu gilashin taga ya fara gumi. Bayan kwana huɗu kaina ya fara sarawa, Nana kuma tana gyangyaɗi tun da hantsi. Na ce mura ce. Sau ɗaya na hangi wutar hita ta yi rawaya, na kawar da kai, domin na san idan na kira ka idonka zai kai kan tawul.

Ranar Lahadi Fikreta ta gasa pita, gurasar nan mai nama a ciki, ta gayyace mu cin rana. Ƙarfe ɗaya ta wuce, biyu ta kusa, ba mu sauko ba. Ta ce maka ƙila mun manta. Kai kuwa ka san Nana ba ta manta gayyatar abinci. Ka hau, ka ji rediyo yana magana a ciki, ka buga, shiru. Ka sa makullinka, ya ƙi shiga. Nawa yana jiki daga ciki.

Abin da ya biyo baya Vlado ne ya ba ni labari, maƙwabcina da barandarsa ke manne da tawa. Ya ce ka shigo gidansa ko takalmi ba ka cire ba, ka ce ya kira motar asibiti, ka ɗauki gudumarsa ka nufi baranda. Ya riƙe maka riga yana cewa, "Ragib, ka haukace? Hawa huɗu ne, ga ƙanƙara a kan ƙarfen. Mu fasa ƙofa!" Ka ce, "Wannan ƙofar? Kafin mu fasa ta sai dai mu kira liman. Riƙe mini bel." Haka ka ƙetara, kana da shekara saba'in da ɗaya, ya riƙe ka har inda hannunsa ya ƙare, sauran taku biyun kai kaɗai ka yi su. Ka fasa gilashi, ya tsaga maka hannu har gwiwa. Ka same ni a ƙasan falo, Nana kuma a kujerarta a kicin, kanta a kan tebur. Ka kashe gas, ka buɗe ƙofar daga ciki, kuka ja mu zuwa matakala.

Na farfaɗo a asibiti. Nana ma ta rayu, amma ba ta dawo yadda take ba. Ta daina gane yawancin mutane. Idan ka zo gaishe ta sai ta kira ka da sunan mahaifina, wanda ya rasu tun ina budurwa, kai kuma ka amsa, ka zauna ta yi maka faɗan ka daɗe a kasuwa. Haka ka yi ta yi har Allah ya karɓe ta bayan shekara guda.

Yanzu na zo kan abin da ya sa nake rubutun nan.

Ranar da aka sallame ni, ka zo da hannu a naɗe ka canza mini makullin ƙofa zuwa irin wanda ake murɗawa da hannu. Da ka gama, ka ciro tawul ɗin daga jakarka, a ninke, ka ajiye a kan tebur. Ashe tun kafin masu bincike su iso ka zare shi. Ka ɗauki jakarka ka tafi.

Mutane kuwa ba su yi shiru ba. Aka fara cewa ai Maistor ne ya duba hitar nan wata biyu kafin abin ya faru, ya ce lafiya lau. Aka ce ya tsufa, ido ya yi rauni. Na ji wannan magana a matakala, na ji ta a shagon burodi, har a gabana aka faɗe ta ana tausaya mini, na sunkuyar da kai. Ban iya buɗe baki in ce da hannuna na jawo wa uwata abin da ya same ta ba. Sau ɗaya Fikreta ta tare ka a gabana, ta ce ka faɗi abin da ka gani mana. Ka ce, "Na ga mutum biyu a kwance, na fitar da su. Shi ke nan abin da na gani."

Da kaka ta zagayo ka fita zagayenka kamar kullum. A karon farko wasu ƙofofi suka ƙi buɗuwa. Aka riƙa amsa maka ta bayan ƙarfe: mun gode, Maistor, za mu kira kamfani. Yawancinsu ba su kira kowa ba. Ba ka daina bugawa ba. Bana ma ka fito, duk da likita ya hana ka yawan hawa bene. A kan matakala zuciyarka ta tsaya, tsakanin hawa na uku da na huɗu, jakarka a kafaɗa, madubin bututu a hannunka.

Bayan an yi addu'ar bakwai na bi matakalar a hankali, na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba. A saman kowace ƙofar da ka duba hitar gidan, akwai ɗan zanen alli. Zanen ya tsallake gida biyar a ƙasa, sannan ya tsaya cak a hawa na uku. Daga nan har sama babu ko ɗaya. Sanyi kuwa ya riga ya shigo, kowace hita a kunne take, kowace ƙofa a rufe ruf. Jiya na buga gida na talatin da ɗaya, inda wasu matasa suke da jaririya 'yar wata biyu. Mijin ya amsa ta bayan ƙofa, ya ce ba sa jin warin komai. Na ce masa ni ma wancan karon ban ji ba.

Don haka, ya ku maƙwabta, ku ji daga bakina: aikin Ragib Merdan bai taɓa samun aibi ba. Ni na toshe ramin iska, ni na bar makulli a jikin ƙofa, ni kuma na bari aka ɓata sunansa shekara biyu yana ji yana gani. Kowa ya hau kujera yau ya duba raminsa, ya duba launin wutarsa, ya kira wanda ya san aikin, kada ya jira Lahadi.

Fikreta, 'yar'uwa, ina yi miki ta'aziyya, ina kuma neman gafararki, ko da ba za ki iya ba ni ita yanzu ba. Ina yi wa 'yarsa Ilvana ta'aziyya, da ɗansa Mirsad wanda ya taso daga Graz, can ƙasar waje, bai riski jana'iza ba, da jikokinsa huɗu, da Vlado wanda har yau ba ya iya wucewa ta inda Maistor ya faɗi a matakala sai ya tsaya. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya sanyaya zukatanku.

Maistor, Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Yadda ka rufa mini asiri a duniya, Allah ya rufa maka naka ranar da babu abin da zai ɓoyu. Allah ya haɗa ka da Nana Zumra a Aljanna, tana cikin hankalinta, ta kira ka da sunanka. Mu kuma da muka rage, Allah ya kyautata ƙarshenmu, ya kuma tsare waɗanda ba ka kai ga ƙofarsu ba. Amin.