Baba Lalube, Mai Bin Hanyar Tsira Ido Rufe

Kowace safiya, kafin a kunna wutar walda a dandamalin haƙar mai da ke tsakiyar teku, sai ya zaga bututai da na'urarsa ta sansano gas. Wannan kowane mai duba haɗari yana yi. Nasa daban shi ne, in ya gama, sai ya tsaya a ƙofar ɗakin injina, ya runtse ido, ya dafa ƙarfen gefe, ya bi hanyar tsira har bakin jirgin ceto. Dalilin ke nan ake ce masa Baba Lalube.

Akwai wani mai walda da bakinsa ba ya hutawa. "Baba, ko a ɗauko maka ɗan jagora?"

"Ranar da hayaƙi ya tashi, kai ma ba ka da ido, ɗana."

Rannan Baba ya buga ƙwauri da wani akwatin ƙarfe da aka ajiye a kwanar matakala. Mai ido zai kauce masa. Baba ya zauna a kai, jini na bin safarsa, ya ce babu aiki sai an ɗauke. Ogan dandamalin ya yi faɗa. Mai walda ya ja akwatin yana gunaguni, ya ce tsufa ne.

Bayan 'yan watanni bututu ya fashe, hayaƙi ya turnuƙe. Mai walda ya ce ko tafin hannunsa bai gani ba. Ya dafa ƙarfen, na bayansa ya riƙe rigarsa, na bayan wancan ma haka. Da suka zo kwanar, ƙafarsa ba ta taɓa komai ba. Aka ƙirga su a jirgi, sun cika.

Babu wanda ya kira sunan Baba a taron godiya. Bai damu ba.

Baba, kai ne mai jin ciwo tun wuta ba ta zo ba. Ƙwaurinka duk tabo, kowane tabo ƙafar wani ce da ba ta karye ba.

Yanzu ya yi ritaya. Uwargidansa ta ce ya hana kujerun falo sakat, kullum yana kawar da su daga hanya. Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri.

Masu aiki a rijiyoyin tudu da na teku, ku koya. Mai walda ya riga ku: jiya an gan shi ido rufe, hannu a kan ƙarfe, yara suna yi masa dariya.