Darakta Ta Koma Gidan Maman Dauda

Duk faɗin Kubwa, daga bakin titin jirgi har inda kwalta ta ƙare, babu mutumin da dabbobi ke so kamar ni. Ni ne wanda akuyar wani ta taɓa biyo shi daga kasuwa har ƙofar masallaci, ta tsaya ta jira aka sallame. Kare mai cizo in ya hango ni sai ya sunkuyar da kai kamar ya ga surukinsa. Shi ya sa ranar da 'yata Safiyya za ta tafi jami'a a Gwagwalada, ta ɗauko kyanwarta ta ɗora mini a cinya ta ce, "Baba, amana," dariya kawai na yi. Na ce ta je ta yi karatunta, kafin ta dawo kyanwar nan ta iya miƙo mini takalmi.

Sati uku aka yi, kyanwa ta koma gidan maƙwabta.

Darakta ne sunanta, ni na raɗa mata. Tun tana ƙarama takan leƙo da safe, ta ci, ta duba ko'ina da ido ɗaya, ta fice, ba a ƙara ganinta sai an tashi aiki. Ni da na shekara ashirin da huɗu a ma'aikatar gwamnati, na san mai irin wannan tafiya. Amma a da, komai yawonta, in na sauko daga bas da yamma, ƙafafuna sun kumbura saboda zaman cunkoso, a kan katanga nake tarar da ita tana jirana. Yanzu katangar tana nan, Darakta ce babu. Tana gidan Maman Dauda, wata mutuniyar Kudancin Kaduna mai sayar da farfesun tarwaɗa a ƙofar gidanta, bango ɗaya ne tsakaninmu. A can har an sake mata suna, Alheri suke kiranta. Kuma tana amsawa.

Safiyya kuwa duk Juma'a sai ta bugo waya. "Baba, ya Darakta?" In ce, "Lafiya lau, har ta yi ƙiba." Ban yi ƙarya ba. Ta yi ƙiba. Ba dai da abincina ba.

Wannan abu ne ya dawo mini da kakata, Iya Hansatu, wadda ta rasu tun ban yi aure ba.

A wani ƙauye ne can bayan Gwagwalada, lokacin Abuja tana jeji da ƙarar katafila. Mu biyar ne jikoki a hannunta, domin iyayenmu duk sun watse neman abinci, wani Kaduna, wani Legas, babana kuma yana can wajen masu gina sabon birni, yana zuwa in an yi albashi. In an yi isha'i, an wanke tukunyar tuwo, sai Iya ta tara ragowar garwashin murhu da guntun kara, ta tura ƙananan doya a cikin toka. Doyar nan maƙwabtanmu Gbagyi ke kawo mata, ita kuma ta ba su ƙuli-ƙuli. Mu kewaye ta a kan tabarma, kowa ya ja rigarsa ya rufe gwiwa. Ni ne babba, ni ne kuma mai surutu, don haka ni take tsokana. Maigidana take ce mini, kamar yadda kakanni ke yi, ta ce ta auri miji mai baki kamar ganga, ko kuɗin gishiri ba ya bayarwa.

Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke farawa. Sai ta juya doya da kara, ta ce, "Yau na tsinto wata a hanyar rafi." Mu ce, "Sauke ta, Iya, mu gani." Ta ce, "Tana da nauyi, sai an taya ni da shiru." Wannan da ni take.

Daga cikin duk waɗanda ta sauke, akwai ɗaya da na tsana. Ta wani mutum ce mai suna Tanko, da ya tsinci ƙwan zabuwa a jeji, ya kawo gida ya sa wa kazarsa ta ƙyanƙyashe. Ya yi wa 'yar zabuwar nan gata irin wanda bai yi wa kansa ba. Ya tono mata gara, ya kare ta daga shaho, in ana ruwa ya sa ta a cikin hularsa shi ya jiƙe. Da ta girma sai ta gano cewa tsohuwar da ke bayan darninsa kullum tana bakace da rana, tsakin dawa na zuba. Ta fara zuwa yini. Daga yini ta koma kwana. Daga kwana ta fara saka ƙwai a ƙarƙashin rumbun tsohuwar.

Tanko ya kai ƙara wurin mai gari. Mai gari ya ce abu mai sauƙi ne, a kawo zabuwa a ajiye a tsakiyar fili, kowa ya tsaya gefe ya kira, wanda ta je wa shi ne mai ita. A nan Iya takan miƙe zaune, ta daddage, ta kwaikwayi Tanko. "Zo, 'yata. Zo, 'yar hulata. Kin tuna gara? Kin tuna shaho?" Mu yi ta dariya har ƙaramarmu ta shaƙe. Tsohuwar kuwa faifanta kawai ta kaɗa. Zabuwa ta dubi Tanko, ta dubi faifai, sai ta tashi fir, ta tsallake su duka biyun, ta sauka a kan rumbun mai gari. Ashe shi ma ya daɗe yana watsa mata gero da asuba.

Sai Iya ta ciro doya, ta fara kankare ƙonannen ɓawon da wuƙa.

"To sai me, Iya?"

"Sai me kuwa? Tanko ya sa hularsa ya tafi gida."

"Bai rama ba?"

"A kan wa zai rama, Maigidana? Wanda ya ba ta abinci, ko ita da ta ci?"

Na ce wannan ba tatsuniya ba ce, tatsuniya sai mugu ya faɗa rijiya. Na ce Tanko wawa ne, da ni ne da tun farko na ɗaure ta da igiya a gindin turmi. Iya ta miƙa mini rabon doyata, mafi ƙanƙanta, ta ce, "Duk abin da ke da ciki da ƙafa, aro ne a hannunka. Ci, ka rufe mini baki."

Shekara arba'in da wani abu ban tuna da Tanko ba. Sai ga ni a Kubwa, da furfura a gemu, ina tsaye a kan bokiti ina leƙen gidan mutane ta kan katanga, ina cewa "mis, mis" da murya ƙasa-ƙasa kada a ji.

Babu abin da ban gwada ba. Na fara da kifin gwangwani. Na buɗe a tsakar gida, na riƙa kaɗa murfin don ƙamshi ya haura katanga. Uwargida ta fito ta tsaya ta riƙe ƙugu, ta ce, "Malam, shekara ashirin da uku ina gidan nan, ban taɓa ganin ka buɗe mini gwangwani da hannunka ba." Darakta ta zo, ta shinshina, ta ci rabi don kada in ji kunya, ta koma. Wanda ya saba da kan tarwaɗa ɗanye daga kwano, me zai yi da kifin da ya mutu tun bara?

Sai na tuna shawarar da na ba Tanko ina yaro. Na kama ta na kulle a ɗakin ajiya, na sa mata ruwa da madara, na ce ta zauna kwana uku ta tuna gidansu. Ko awa ɗaya ba a yi ba ta fara wani kuka, irin wanda na tabbata an ji shi har Dutsen Zuma. Uwargida ba ta ɗaga murya ba. Tana tsince shinkafa ta ce, "Ka dai san abin da malamai ke faɗa game da matar da ta kulle kyanwa." Na ce ai waccan ba ta ba ta abinci ba, ni har da madara. Ta ce, "To, in an tashi tambayarka sai ka yi wannan bayanin." Na je na buɗe ƙofa. Darakta ta wuce ta tsakanin ƙafafuna, ko kallo ban samu ba.

Na ɗaura mata jan ƙyalle a wuya, da lambar wayata a jiki, don duniya ta san tana da mai ita. Bayan kwana biyu ta biyo ta kan katanga, an wanke ƙyallen, an goge, an ƙara masa 'yar ƙararrawa.

Daga nan na ce sai dai a yi ta ta ƙare. Ran wata Asabar na sa babbar riga, na tsara jawabi tun daga haƙƙin maƙwabtaka har zuwa hukuncin riƙe dukiyar wani, na nufi gidan Maman Dauda. Na tarar da ita a gaban tukunya, Darakta kwance a kan kujerar roba, ƙafa ɗaya a sama kamar mai jiran a kawo mata fayil.

"Oga, sannu da zuwa. Yau kai ne a gidanmu? Dauda, kawo kujera wa Baban Safiyya."

Na ce ba zama na zo yi ba, a kan maganar kyanwa ce.

"Ah, Alheri? Wannan yarinya, Allah ya albarkace shi. Tun da ya fara zuwa, ɓera ko ɗaya babu a shago na."

Na ce ai matsalar ke nan, kyanwar tamu ce, kuma in ana ba ta abinci a nan ba za ta dawo ba.

Ta ajiye ludayi ta dube ni da mamaki na gaskiya. "Oga, ina yanka kifi, yana zaune yana kallo na. In kore shi? Kai za ka iya cin abinci, abin Allah yana kallon bakinka?"

To, ku gaya mini. Da wane baki Musulmi mai furfura zai ce wa mace ta daina ciyar da dabba? A wace kotu ake kai ƙarar sadaka? Ina cikin neman inda zan kamo jawabina sai ga kwano a gabana, tururi na tashi, ƙamshin daddoya da barkono ya buge ni. Na ce a'a, na ƙoshi. Ta ce ɗanɗanawa kawai. Kwano biyu na ɗanɗana. Na fito ina share gumi, ina yi mata godiya, har da cewa a gaida Alheri.

Da yammar nan na zauna a tsakar gida ni kaɗai, sai Iya ta faɗo mini, da wutarta da doyarta. Muna yara mun ɗauka labarin zabuwa ne. Sai yanzu na lura da abin da ban lura da shi ba a lokacin, cewa wannan tatsuniya ba ta zuwa sai in wata ya ƙare, babana bai zo ba, ko an aiko daga Legas cewa bana ma ba za a samu zuwa salla ba. Mace ta haifi bakwai, ta tono musu gara, ta sa su a hula, duk sun tashi fir sun sauka a rumbun wasu. Ba ta taɓa zagin birni ba, ba ta taɓa zagin 'ya'yanta ba. Tanko kawai take sa wa hula ta tura shi gida, mu kuma muna dariya. Ni da na ce a ɗaure da igiya, ni ma ina gama sakandare na tashi, ban koma ba sai da aka aiko ba ta da lafiya. Ban san ko wannan darasi ne ba. Darasi ai abin da ke nuna maka yadda za ka yi ne. Wannan kuwa nuna maka yake babu yadda za ka yi, sai dai ka san ba kai ne farau ba.

Amma sanin haka bai dawo da kyanwa ba, ga shi Safiyya ta bugo ta ce sun gama jarrabawa, Juma'a tana tafe.

Kwana biyu ina shirya yadda zan faɗa mata. Da ta sauka daga keke-napep da jakarta, ban bari ta shiga gida ba. Na tsayar da ita a ƙofa, na fara daga nesa. Na ce duniya ba matabbata ba ce. Na ce mutum yana nasa, Allah yana nasa. Na ce akwai wani mutum wai shi Tanko. Ta tsorata ta ce, "Baba, wa ya rasu?" Na ce babu wanda ya rasu, Darakta ce ta yi ƙaura, na ci amana, na yi iyakar ƙoƙarina, har kulle ta na yi.

"Ka kulle ta?"

"Awa ɗaya. Da madara."

Ta sauke jakar a ƙasa, ta yi ajiyar zuciya. "Baba, ai na sani. Maman Dauda tana turo mini hotonta duk sati. Ni na shiga na roƙe ta tun ana gobe zan tafi, na ce ta riƙa ba ta abinci. Kai kana fita tun asuba, Umma kuma ba ta son gashinta a ɗaki."

Na tsaya riƙe da ƙofa. Can na ji ƙararrawa, sai ga Darakta ta diro daga katanga, ta wuce ni, ta je tana goga kai a ƙafar Safiyya.

Na ce, "To ni amanar me kika ba ni?"

Ta ɗauki kyanwar ta rungume, ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa tsohon da ya ɓata hanya a kasuwa.

"Kai dai na ɗora maka ita ne, Baba, don kada ka ga an tafi ba a bar maka komai ba."