Daga Mahjar Zuwa Miƙatin Juhufa

Mun tashi daga unguwar Mahjar, a kudancin Jidda, ƙarfe shida saura kwata na safiyar Talata. Mu uku ne a motar: ni, da Baba, da mai masaukinmu, ɗan ƙanwar Baba wadda aka aurar Damagaram. Direba ne a wani kantin kayan gini, motar ma ta kantin ce. Matarsa ta rako mu bakin ƙofa, ta miƙa masa fulas ɗin shayi, ta dube shi sau ɗaya, ta koma ciki. Ba ta ce a dawo lafiya ba. Na lura, amma na ɗauka barci ne bai sake ta ba.

Bari in faɗi abin da ya fitar da mu. Umara muka zo. A filin jirgin Kano aka ce jakar hannunmu ta yi nauyi, aka tura ta cikin manyan kaya, ga haraminmu duka a ciki. Da aka sanar a sama cewa mun daidaita da miƙati, iyakar da mai Umara ba ya wucewa sai da harami, jama'a suka ɗauki labbaika, mu kuwa muna zaune cikin kaftani. A Jidda wani ya ce Baba ya ɗaura haramin a nan, wani ya ce ya ɗaura ya yanka rago. Baba ya ce malaminsa ya koya masa wanda ya wuce miƙati ya koma, in dai da hali. Ya dubi ɗan ƙanwarsa ya ce, "Kai da kake da mota, gobe ka kai mu Juhufa." Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Kawu."

Tsayawarmu ta farko kasuwar Bab Makka ce. Masu yadi ba su gama buɗewa ba, amma masu abinci sun cika. Muka ci ful, wake ne da aka dama da mai, da gurasar tamis mai zafi daga tanderu. Abincin da sauƙi. Takalmin da na saya wa Baba ne ya yi tsada, har mai masaukin ya ce ashe akwai ranar da za a cuci Bakano a kasuwa. Na ce Badamagare ne ya yi mini tafinta, shi ya sa.

Daga nan ya bi da mu bakin teku. Iskar garin jiƙe take, rigar mutum na manne masa a baya tun rana ba ta ɗaga ba. Baba bai taɓa ganin teku a ƙasa ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya me ya hana su noman rani da wannan ruwa. Aka ce masa gishiri ne. Ya ce sai ya ɗanɗana. Ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce mu tafi.

Hanyar arewa faffaɗa ce, babu rami ko ɗaya. Hagu teku yana ɓuya yana fitowa, dama fili ne fetal, sai raƙuma jefi-jefi bayan waya. Mun bar gari da ɗan nisa sai muka hangi layin motoci a hannun masu komawa Jidda, 'yan sanda suna duba takardu. Tun daga nan mai masaukin bai ƙara tsokanata ba. Na ga yana yawan duba madubi, gumi na bin wuyansa alhali sanyin mota yana aiki.

A Tuwal, garin masunta, muka tsaya da hantsi. Kwale-kwale ne birjik a bakin ruwa. Kifi kai za ka zaɓa, a auna, a soya, a kawo da shinkafa mai duhu da aka dafa da albasa. Da Baba ya tafi alwala na ce wa mai masaukin ya faɗa mini abin da ke damunsa.

"Iƙamata ta mutu tun kafin azumi," in ji shi. Iƙama ita ce takardar zaman ƙasa, ubangidan aiki, wato kafili, shi ke sabunta ta. "Kullum sai ya ce gobe. In suka tsayar da ni a can, halas, shi ke nan, sai tarhil. A tara mu a mai da mu gida. Yara da uwarsu suna Mahjar."

"To me ya hana ka faɗa jiya?"

"Haba ɗan'uwa. Kawu ne fa. Tunda nake bai taɓa roƙona komai ba. Da wane baki zan ce masa a'a? Don Allah ka bari sai ya ɗaura."

Kifin ya fita daga raina. Na ci don kada Baba ya gane.

Mun isa Juhufa, kusa da Rabig, kafin azahar. Masallaci ne a tsakiyar fili, da wuraren wanka masu tsafta. Muka yi wanka, muka ɗaura harami, muka yi salla, muka yi niyya. Sai a lokacin na gaya wa Baba. Mai harami ba ya faɗa, ba ya jayayya, don haka faɗan da ke bakinsa ya haɗiye shi. Cewa kawai ya yi tare muka zo, tare za mu koma Jidda. Mai masaukin ya ce a'a. Motar kanti ɗauke da masu harami ita ake fara tsayarwa, a ce haya yake yi ba izini. Shi kaɗai ya fi sauƙin wucewa. Ya nemo mana motar haya zuwa Makka, ya buɗe wa Baba ƙofa, ya ce, "Yalla, shiga Kawu, a sa mu a addu'a."

A hanya na kira shi, ya ce yana tafe. Bayan la'asar na sake kira, waya a kashe. Muka yi ɗawafi, muka yi Safa da Marwa, muka yi aski. Gaskiya ita ce bakina yana addu'a, hankalina yana kan wancan layin motoci. Da magariba matarsa ta kira, ta tambaya ko yana tare da mu. Na ce a'a. Ina jin ƙaramin yaronsu yana kuka, ta kashe wayar. Baba bai taɓa abincin dare ba.

Sai da hantsin Laraba ya kira. Ashe da ya koma Tuwal aka ce masa shingen 'yan sandan yana nan, sai ya ajiye mota a bayan masallacin masunta ya kwana a ciki, wayarsa ta mutu. Da safe wani direban motar kifi, mutumin Cadi, ya ce masa an ɗage, ya biyo bayansa har Jidda. Ya tsira daga tarhil. Amma kafili ya karɓe makullin motar saboda ta kwana a waje, ya mai da shi ɗaukar siminti a sito. Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "Da na yanka ragon."

Mun dawo Kano lafiya, Umara ta yiwu. Shi har yau yana sito, iƙamar ba a sabunta ba. Abin da na gane shi ne mutanenmu na can ba sa cewa a'a ga babban da ya zo daga gida, ko da abin zai ci zamansu.

Roƙona gare ka mai karatu: in ka sauka wurin ɗan'uwa a Jidda, kafin ka ce ya kai ka ko'ina, ja shi gefe inda ba babba, ka tambaye shi lafiyar takardunsa. In ya ce ba komai, ka je ka tambayi matarsa.