Layin Ƙarshe na Don Eusebio

Shekara arba'in da ɗaya Don Eusebio Larrosa ya yi yana kula da filin ƙungiyar ƙwallonmu ta Puerto Ceibo, amma ban taɓa ganin ya kalli wasa ba. Ciyawa yake kallo. In ɗan wasa ya zame ya ɗaye ta, ko da namu ne, ko da ƙwallo ya ci, sai ya sha zagi daga bakin layi. Ni Mirta a ƙofar filin nake suyar torta, wainar fulawa, tun ina budurwa, saboda haka ba labari aka ba ni ba.

Ma'aikatan kamfanin naman gwangwani suka kafa ƙungiyar a 1919, da hannunsu suka cike fadamar bakin kogi ta zama fili. A 1958 muka lallasa wata babbar ƙungiya ta birni biyu da nema, kuma har yau da wannan muke tunƙaho, don ba mu da wani. Kamfani ya rufe, samari suka watse. Cikin shekara huɗu sau biyu muka faɗa rukunin ƙasa. Bara wasa talatin muka buga muka ci uku, ɗaya ma motar abokan karawa ce ta lalace a hanya.

A garinmu, in mai goyon baya ya mutu aka ƙona gawarsa, fili ake kawo tokar. Don Eusebio ba ya yarda a watsa ta, wai tana ƙona ciyawa. Sai ya sa shebur ya ɗaga ciyawar, a zuba, ya mayar ya danne. Bai taɓa rubuta wuraren ba, duk a kansa suke. Matarsa marigayiya Nélida tana gindin turken hagu na ragar da ke wajen kogi. Kullum da safe nan yake jingina da ƙoƙon shayinsa na mate, yana ba ta labari.

"Mun sake shan kashi, tsohuwa. Gara ke da ba ki gani ba."

Wasiyyarsa kuwa har kare ya haddace ta. In ya mutu a dama tokarsa cikin bokitin farar ƙasa, a ja layin raga da shi, ya ƙare a turken Nélida.

"Ke Mirta, ki tsaya a kansu," in ji shi. "In layin ya karkace wallahi zan dawo."

"Dawo mana, wa ke tsoronka? Da ranka ma torta ɗaya ba ka iya cinyewa."

Sai kogi ya shiga cinye mana fili duk damina. Hukumar gasa ta ce ko a shimfiɗa ciyawar roba ko a cire mu. Fabián Techera, shugaban ƙungiya, shi ya zo da kansa ya faɗa masa, a gabana.

"Don Eusebio, ba yadda zan yi. Katafila za ta kwashe ƙasar duka."

"Ubanka yana ƙarƙashin inda ake buga fanareti, Fabián. Ni na sa shi."

"Na sani, Baba. Shi ma da ba zai so ƙungiyar ta mutu a hannuna ba."

Na so in ji haushin Fabián, amma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Kwana tara ya rage katafila ta zo, tsoho mai shekara saba'in da takwas ya kama tono. Wuri sittin da uku. Kowane ya ɗebi ƙasarsa a gwangwani, ya ɗora a baro, ya kai wa iyalin har gida. Ta Nélida ya tona ƙarshe, ya kawo mini ajiya, ya ce yana tsoron kada ya zubar da ita.

Sabon fili ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Layukansa ma daga kamfanin roba aka saƙo su. Sau ɗaya ya je, ya durƙusa ya kankari farin layin da farce, ya tashi ya tafi gida. A watan Yuli, tsakiyar sanyin ƙasarmu, ya rasu.

Mun cika masa alkawari. Ranar Asabar da hantsi muka dama shi a bokitinsa, Fabián ya ja layin da hannunsa yana hawaye, ni kuma ina tsaye a kansa. Layi ya miƙe sambal har turken hagu. Amma roba ba ta shan komai. Kafin 'yan wasa su fito aka kece da ruwa, ina kallo farin ya narke, ya gangara magudanar da ke kaiwa kogi.

Na bar kasko a wuta na ruga rumfar da nake ajiye kayana. Na ɗauko gwangwanin Nélida, na durƙusa a bakin magudanar ina kuka, na juye ta cikin farin ruwan tun bai wuce ba.

"Maza bi shi, tsohuwa," na ce. "Kin san ba ya iya shan mate shi kaɗai."