Inna Mai Dalma da Rabin Numfashi

Ƙarfe bakwai Inna Mai Dalma take buɗe ɗakin gyaran na'urorin asibiti, ta jona ƙarfen liƙi, ta goge tabarau da gefen mayafi. Shekara talatin ke nan. Teburin da ke kallon nata na abokin aikinta Baba ne, kuma duk shekarun nan kishi na cin sa.

Shi ke da takardar shaida a bango, ita a hannu ta koya. Amma kowace nas ta leƙo sai ta ce, "Sannu Injiniya, ina Inna?"

"Ni hoto ne?" in ji Baba.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne na'urar lura da numfashin jarirai bakwaini. Na'urar ita kaɗai ce a asibitin, ga ta tana nuna rabin numfashi, ga jariri na jira. Kwana uku Baba na fama, har ya rubuta a jefar.

Inna ta ɗora mitar auna wuta, ta duba.

"Malam, lafiyarta lau. Amfilifayar nan mai ƙara ƙarfin wuta tana ba da wuta sama da sifili in yaro ya shaƙa, ƙasa da sifili in ya fitar. Shi kuwa mai juya wutar zuwa lamba, daga sifili zuwa bolt biyar kawai ya sani. Na ƙasan duk zubewa yake."

"Ai na sani."

"To miƙo rizista biyu na daidaita wuta, masani."

Ta ɗaga tsakiyar wutar daga sifili zuwa bolt biyu da rabi. Numfashi ya fito cikakke, ya cika allon daga ƙasa har sama. Baba bai yi mata magana ba sai bayan la'asar.

Inna, ke ce mai hannu ba rawa. Jaririn nan yanzu makaranta yake zuwa, bai ma san da ke ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa, ku riƙa aunawa kafin ku jefar.

Jibi Inna za ta ajiye aiki. 'Yar Baba ce ta rubuta wannan yabon na ban kwana, ta kuma karanta wa mahaifinta.

"Ki ƙara cewa ta fi ni," ya ce. "Amma da ƙananan baƙaƙe."