Buhu Uku a Ɗakin Taro

Ni na dage sai an yi liyafar auren ɗiyata a ɗakin taro na cikin garin Isa. Mutanen Tozai sun ce mene ne aibin ƙofar gida da tabarmi, na ce yarinyar da ta gama makarantar jinya a Sakkwato ba za a tara ƙawayenta su zauna a ƙasa ba. Ina koyarwa a firamare a lokacin, ina ji da kaina, kuma duk wanda ya san ni ya san in na kafe ba mai tanƙwara ni.

Mai ɗakin wani Alhaji ne ɗan kasuwa, mai kai kaya Nijar yana dawowa da wasu. Ya ce sai na ba da kafin alƙalami kafin ya tsayar mini da rana. Albashi bai shigo ba, mijina kuma ya rasu da daɗewa. Sai Alhaji ya ce ba komai, in kawo buhu uku na gero jingina, ranar da kuɗi suka samu in kwashi abina.

Na tafi wurin yayana, wanda ya riƙe gonar gidanmu. Buhu biyu ya iya fitarwa daga rumbu. Na uku kuwa a ɗakinsa yake, ɗinke, an barbaɗe shi da toka saboda ƙwari. Ragowar iri ne, geron da mahaifinmu ya yi shekaru yana tsinta zangarniya bayan zangarniya har ya samu mai nuna da wuri. Yaya ya dubi buhun, ya ce:

"Malama, wanga ba na ci na ba. Aro na ba ki, ki maido min shi yadda yake."

Na ce haba Yaya, kwana nawa ne? Alhaji ya ba ni rasit, na ninke na jefa a jaka.

Ruwan farko ya sauka, kowa ya yi shuka, daga nan sama ta ɗauke. Mako ya bi mako, shukar ta yi tsawon yatsa ta ƙone. Aka fita roƙon ruwa har sau uku, malamai da dattawa suka ce a dakatar da kiɗa da shagali sai Allah Ya dube mu. Ko da ba su faɗa ba, wa zai iya dafa shinkafar biki maƙwabta na auna garin kunu da ludayi? Saura kwana goma na aika wa Alhaji cewa mun fasa, ɗaurin aure kawai za a yi a masallaci. Yaya kuma ya fara tambayar buhunsa, don in ruwa ya dawo sai an sake shuka, kuma a ragowar damina irin nan ne kaɗai zai kai.

Na sami Alhaji a shagonsa na kasuwa. Ya saurare ni da fara'a, sannan ya ce in juya bayan rasit ɗin. Ga rubutu nan da Turanci, ƙanana kamar ƙwan tururuwa: wanda ya fasa, abin da ya ajiye ya zama na mai ɗaki. Ni da nake dukan tebur ina ce wa yara su karanta tambaya kafin su amsa, ban taɓa juya takardar ba.

"Alhaji, ai jingina munka yi da kai, ba biya ba."

"Malama, ke da kinka yi boko? Na hana ma wasu ranar saboda ke. Hasarata wa za shi biya?"

Na fito ban san ta inda na bi ba. Kwana biyu ina ɓoye wa Yaya, in ya tambaya in ce Alhaji ya yi tafiya.

Ranar da aka ɗaura auren, da la'asar, zuciya ta ɗebe ni na hau mota zuwa Isa, na ce ko ɗakin da aka ci mini buhu uku a kansa in gan shi da idona. Tun daga nesa na hango babbar mota a ƙofar, 'yan dako na ta shiga da fita. Kujerun biki an tara su a waje an lulluɓe da tamfol, ƙura ta yi musu kauri. Na leƙa ciki. Innalillahi! Buhunan hatsi ne tun daga ƙasa har kusa da fanka, ko wurin shimfiɗa sallaya babu. Na tambayi wani tsoho mai gadin wurin yaushe aka fara zuba kayan nan, ya ce tun makon da shuka ta fara bushewa, yau fiye da wata guda.

Wato tun kafin in fasa, ɗakin ya riga ya zama sito. Alhaji ya hango yunwa, ya saye hatsi ya ɓoye yana jiran tsada, ya yi shiru yana jira mu fasa da bakinmu. Da mun zo da amarya, a kan buhuna za mu zaunar da ita? Ban taɓa sanin mutum zai iya haka ba, yana sahun gaba a wurin roƙon ruwa.

A daren na faɗa wa Yaya komai. Da safe muka kai ƙara wurin sarkin kasuwa, dattijon da ke raba gardamar 'yan ciniki. Ya tara mu a zaurensa, aka kira mai gadi ya maimaita abin da ya faɗa mini. Na yi magana har Yaya yana jan gyalena. Alhaji ya ɗaga rasit yana kaɗawa. Sarkin kasuwa bai ko karɓa ba.

"Alhaji, in da ba ta fasa ba, ina za ka aje mutanenta?"

Alhaji ya sauke rasit ɗin.

"To ba a biyan hasarar da ba a yi ba. Wanda bai iya cika alkawali ba shi cin kuɗin fasawa. Jingina kuma amana ta. Ka maida musu buhunsu yau."

Na fito ina taƙama, mata a bakin kasuwa suna cewa Malama ta kayar da Alhaji. Muka nufi ɗakin, aka fito mana da buhu uku cikakku, har sun fi namu nauyi. Yaya ya farke bakin na farko ya zura hannu, ya dubi ƙwayar, ya shinshina. Haka na biyu, haka na uku.

"Ina mai toka?"

Alhaji ya ce shi bai san wani mai toka ba, hatsi ai hatsi ne. Namu tuni aka juye su cikin wasu, aka auna wa masu saye da kwano.

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ɗinke buhunan da kansa muka ɗora a amalanke. Da ruwa ya dawo ya shuka abin da aka ba mu, ya fito kore shar, amma ruwan ya ɗauke yana shirin fitar da kai. Kara muka yanka wa dabbobi.

Da rani Yaya ya bi duk wanda ya taɓa ba wa irin mahaifinmu, gida gida, ko zai samu ragowa, ni kuma na bi shi don na kasa zama. Na ƙarshe wani tsoho ne a Gangara, abokin mahaifinmu. Ya ce yana da tiya guda a ƙwarya, ya riƙe ta har tsakiyar fari, ranar da jikokinsa suka kwana biyu ba abinci ya ce a daka.

Yaya ya ce masa, "Ka yi daidai, Baba."

Muka kamo hanyar Tozai, yana gaba ina baya. Na yi ta jira ya zage ni ko sau ɗaya, har muka isa gida bai yi ba.